Yadda Mai Bi Zai Ba da Shaidar Almasihu a Gombe ta Yau

Mafi yawan masu bi da ke zaune a Gombe sun san umarnin da Ubangiji Yesu ya bar wa almajiransa a ƙarshen Bisharar Matiyu, cewa su je su almajirtar da dukan al'ummai, kuma da wuya wata ya wuce ba a tuna mana da shi a majami'a ba. Abin da ya fi wuya shi ne sanin yadda za a yi wannan aiki ranar Litinin, a shagon ɗinki a Jekadafari, ko a ofishin gwamnati, ko a ɗakin kwanan ɗalibai, inda mutumin da ke gefenka yana da nasa addinin da nasa malaman, ga kuma waya a hannunsa tana kawo masa wa'azi iri-iri tun daga asuba har dare. Na rubuta wannan bayani ne domin mai bi wanda bai je makarantar tauhidi ba, ba shi da lasifika, amma yana da maƙwabta da abokan aiki da dangi waɗanda yake so su ji bishara. Ra'ayin da zan tsaya a kai shi ne cewa a garinmu bishara tana shiga kunne ne ta bakin mutumin da aka sani, aka ga zamansa, aka kuma yarda da gaskiyarsa, don haka duk dabarar da ba ta bi ta wannan hanya ba, amfaninta kaɗan ne.

Waɗanda suka riga mu a wannan aiki sun fahimci haka. Sa'ad da John Hall da Gordon Beacham na ƙungiyar mishan ta SIM suka sauka Kaltungo a 1917, abin da ya fara cin lokacinsu shi ne koyon harshen Tangale da zama cikin mutane, daga nan suka shiga juya sassan Littafi Mai Tsarki zuwa harshen. Yawancin ƙauyukan da suka karɓi bishara daga baya a ƙasar Tangale da Waja da Tula, daga bakin 'yan ƙasa suka ji ta, wato manoma da malaman makaranta da masu aikin ɗakin shan magani waɗanda jama'a suka san iyayensu. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932, ikkilisiyar ECWA ta kafu a 1954, a shekarun 1960 kuma ƙungiyar Sabon Rai ta bazu a ikkilisiyoyin Arewa tana koyar da cewa kowane mai bi mai shaida ne, kuma a fara da ƙananan ƙungiyoyin addu'a a gidaje kafin a fita. Abin da ya sāke a yau shi ne yanayin zama. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996, mutane suka yi ta kwararowa daga Billiri da Balanga da Shongom da Dukku da Nafada da ma jihohin maƙwabta, aka buɗe jami'o'i, waya ta shiga kowane gida, rikice-rikicen addini da aka sha fama da su a Arewa kuma suka bar zargi a zukatan mutane na kowane ɓangare.

Ka fara da sunaye. Ka ɗauki takarda ka rubuta mutum uku ko huɗu waɗanda kake gani kusan kowane mako, ka riƙa ambaton su ɗaya bayan ɗaya a addu'arka ta safe, kana roƙon Allah ya albarkace su a sana'arsu da iyalinsu, ya kuma buɗe ƙofar magana a lokacin da ya ga dama. Wanda yake yi wa maƙwabcinsa addu'a kullum yakan daina ganinsa a matsayin abokin gāba, kuma wannan sauyi yana fitowa a fuska da murya ko da mutum bai sani ba. Sa'ad da kake zaɓen sunayen, kada hankalinka ya tafi ga waɗanda ke wajen ikkilisiya kaɗai. Akwai 'ya'yan masu bi da yawa waɗanda aka raine su a makarantar Lahadi, suka yi Boys' Brigade ko Girls' Brigade, suna iya rera waƙoƙin sujada da ka, amma tun da suka zo birni neman aiki ko karatu ba su ƙara taka majami'a ba sai ranar Kirsimeti ko jana'iza. Su ma suna bukatar bishara, kuma sau da yawa su ne suka fi kusa da kai.

Abu na gaba shi ne zamanka da mutane, kuma a nan ne yawancin shaida take tsayawa ko ta faɗi. Idan ka ci bashi a shagon unguwa ka riƙa sauya hanya, ko kai tela ne ka karɓi ɗinkin Salla ka saɓa alkawari, ko kai ma'aikaci ne da ba ya taɓa fayil sai an sa masa wani abu a hannu, to duk ayar da ka karanta wa mutum zai auna ta ne da wannan hali. Ka biya bashi a ranar da ka faɗa, in kuma ba za ka iya ba, ka je da ƙafarka ka ba da haƙuri. Ka halarci suna da biki da ta'aziyya na maƙwabtanka, ka je dubiya asibiti, ka karɓi naman layya da godiya idan an aiko maka, kai ma ka aika da shinkafa da cincin ranar Kirsimeti kamar yadda iyayenmu suka saba. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Sai dai akwai abin lura a nan wanda nake so a ɗauke shi da nauyi: kada ka ƙulla abota domin kawai ka sami hanyar yin wa'azi. Mutane suna gane irin wannan abota da wuri, kuma tana ɓata musu rai fiye da a ce ba ka kula su ba tun farko. Ka ƙaunaci maƙwabcinka domin Ubangiji ya umarce ka, ko ya karɓi bishara ko bai karɓa ba har abada.

Idan zance ya fara, ka fi ba da ƙarfi ga sauraro. Wasiƙar Yakubu ta ce mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana, wannan kuwa ya shafi mai shaida fiye da kowa. A Yohanna sura 4, Yesu ya buɗe magana da matar Samariya ta wurin roƙon ruwan sha, ya bar ta ta yi tambayoyinta, har da waɗanda suka shafi gardamar da ke tsakanin mutanenta da Yahudawa a kan wurin sujada. A Ayyukan Manzanni sura 17, Bulus ya zaga birnin Atina ya duba abubuwan da mutanen suke bauta wa, ya kuma san abin da mawaƙansu suka rubuta, kafin ya buɗe baki a gaban majalisarsu. Ka tambayi abokinka abin da yake damunsa, da abin da yake tsoro, da yadda yake samun kwanciyar rai idan al'amura suka cuɗe. Idan Musulmi ne, ka tambaye shi ma'anar abin da yake yi a azumi ko a layya, ka saurara kamar mai neman sani na gaskiya, kada ka saurara kana ɗana masa tarko. Yawancinmu mun san addinin maƙwabtanmu ne daga abin da 'yan'uwanmu suka faɗa mana a kansa, su ma haka suka san namu, shi ya sa kowa yake amsa tambayar da ba a yi masa ba.

Ka shirya abin da za ka faɗa tun kafin ranar ta zo. Manzo Bitrus ya ce mu zauna a shirye mu ba da amsa ga duk wanda ya tambaye mu dalilin begen da muke da shi, amma da tawali'u da ladabi. Abu biyu ya kamata su zauna a bakinka. Na farko shi ne ainihin bishara a taƙaice, wanda cibiyarsa ita ce mutuwar Almasihu da tashinsa, kamar yadda Bulus ya tsara a farkon 1 Korintiyawa sura 15: Allah mai tsarki ne kuma yana ƙaunar mutanen da ya halitta, zunubi ya raba mu da shi, Almasihu ya mutu domin zunubanmu, aka binne shi, ya tashi a rana ta uku, wanda kuma ya tuba ya ba da gaskiya gare shi yana samun gafara da sabon rai. Na biyu shi ne labarinka, wato yadda kake a dā, da yadda ka sadu da Almasihu, da abin da ya sauya. Ka gwada faɗin su a gaban matarka ko wani abokinka na zumunta har sai ka iya gamawa cikin minti uku ko huɗu. Kada ka ƙara gishiri a labarinka. Idan a gidan masu bi aka haife ka kuma ba ka taɓa yin shaye-shaye ko tsafi ba, ka faɗi hakan, ka bayyana lokacin da bangaskiyar iyayenka ta zama taka, da yadda Ubangiji ya riƙe ka sa'ad da ka rasa aiki ko ka binne ɗa. Ka yi magana da Hausar kasuwa da gida, domin kalmomin da muka saba ji a sujada, irin su barata da fansa da maya haihuwa, baƙi ne a kunnen wanda bai taɓa shiga majami'a ba, sai ka warware su da maganar da ya sani. Idan kuma kana jin Fulatanci ko Tera ko Bolanci ko Waja, abokin zancenka kuwa harshensa ke nan, ka yi amfani da shi.

Bari in nuna yadda ƙofa takan buɗe ba tare da an tilasta ta ba. A ce wata 'yar Zumuntar Mata a Tumfure ta ji an kwantar da ɗan maƙwabciyarta a asibiti. Ta dama kunu ta zuba a fulas, ta je ta zauna a bakin gado, ta ce, “Maman Aisha, sannu da jinya. Yaya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya.” Ta karɓi yaron domin uwar ta samu ta yi wanka ta ci abinci. Da za ta tafi sai ta ce, “In kin yarda zan yi masa addu'a cikin sunan Yesu kafin in tafi, in kuma ba ki so a nan, ba komai, zan yi a gida.” Idan uwar ta amsa, sai ta yi addu'a gajeriya da murya ƙasa-ƙasa, ba tare da ihu ko tara jama'ar ɗakin ba. Idan ta ce a'a, sai ta yi sallama da fara'a, gobe kuma ta sāke dawowa da kunu. Ba ta ɓoye ko ita wace ce ba, ba ta kuma ci amanar mace mai damuwa ba. Irin wannan ziyara ce takan sa wata rana, bayan watanni, maƙwabciyar ta tambaya da kanta me ya sa take yin haka.

Zance da maƙwabtanmu Musulmi yana bukatar kulawa ta musamman, saboda haka zan ɗan daɗe a kai. Doka ta farko ita ce kada ka zagi ko ka yi ba'a ga Annabinsu ko Alƙur'ani ko ibadarsu, ko a fili ko a ɓoye, ko da an zagi naka. Dalilin wannan ya wuce tsoron fitina, ko da yake fitinar gaskiya ce. Aikin da aka ba ka shi ne ka yi shelar Almasihu, zagi kuwa ba ya cikin wannan aiki, kuma ba a taɓa jawo mutum ga gaskiya ta wurin wulaƙanta abin da ya fi daraja a zuciyarsa ba. Idan an nemi ra'ayinka a kan abin da ka san amsarsa za ta zama cin fuska, kana iya cewa da ladabi, “Malam, ni abin da na sani kuma na tsaya a kai shi ne Yesu Almasihu, shi zan iya ba ka labarinsa.”

Akwai tambayoyi da za su zo maka tabbas, gara ka yi nazarinsu tun yanzu tare da fastonka ko wani dattijon ikkilisiya. Za a ce muna bauta wa alloli uku, za a ce ta yaya Allah zai haifi ɗa, za a ce an sauya Linjila, za a kuma ce ba a gicciye Almasihu ba. A ce wani dattijo a majalisar ƙofar gida ya ce maka, “Yaro, ku ne kuke cewa Allah yana da ɗa?” Kana iya amsawa, “Baba, Allah ya ƙara girma. Mu ma ba mu yarda cewa Allah ya yi aure ya haihu kamar yadda mutum yake haihuwa ba, Allah ya fi ƙarfin haka, kuma Allah ɗaya muke bauta wa. Abin da Littafinmu ya koya mana shi ne, Yesu Kalmar Allah ne tun fil'azal, wanda ya zama mutum ya zauna a cikinmu domin ya cece mu. In ka ba ni izini, wata rana zan karanta maka wurin ka ji da kunnenka.” Wannan amsa ba ta rage kome daga bangaskiyarka ba, ta kawar da fahimtar da ba daidai ba, ta kuma bar wa dattijon girmansa a gaban mutane. A kan zancen sauya Linjila, ya isa ka sani cewa akwai kwafe-kwafen Sabon Alkawari na hannu da harshen Helenanci waɗanda aka rubuta tun ƙarni na huɗu bayan haihuwar Almasihu, da wasu gutsattsari da suka girme su, suna nan a ajiye a ɗakunan littattafai na duniya, kuma da irinsu ake gwada fassarar da ke hannunmu. Idan an yi maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, za ka tambayo, sa'an nan ka cika alkawari ka dawo da amsa. Kada ka bari zance ya zama muhawara a gaban taro, domin a taro kowa yana kare mutuncinsa ne, babu mai sauraro. Bulus ya gaya wa Timoti cewa bawan Ubangiji bai kamata ya zama mai husuma ba.

Wasu ƙananan al'amura suna da nauyi fiye da yadda muke zato. Kada ka ajiye Littafi Mai Tsarki a ƙasa ko ka riƙe shi da sakaci a gaban wanda ya saba girmama littafin addininsa. Namiji ya yi zance da namiji, mace da mace, domin saurayin da yake yawan tsayawa da 'yar mutane da sunan bishara yana jawo wa kansa da yarinyar da ikkilisiya zargi. Kada a ja yara ƙanana gefe a koya musu addini a bayan idon iyayensu. Sashe na 38 na kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sauya addini da na yaɗa shi, kuma ya kamata kowane mai bi ya san wannan. Duk da haka samun 'yanci bai ɗauke wa mutum nauyin yin hikima ba. Kafa lasifika kusa da masallaci, ko yin wa'azi da ƙarfi a cikin motar haya inda fasinja ba shi da hanyar tashi, abu ne da ke rufe ƙofofin da wasu 'yan'uwa suka yi shekaru suna buɗewa.

Sai batun waya, wadda ita ce babban abin da ya bambanta zamaninmu da na iyayenmu. Amfaninta yana da yawa. Akwai Littafi Mai Tsarki na Hausa a manhajoji irin su YouVersion, akwai kuma na sauraro, wanda ya dace da tsohuwar da ba ta iya karatu ba ko direban da yake kan hanyar Gombe zuwa Yola. Mutumin da ba zai iya shiga gida da littafi a hannu ba yana iya karanta Bisharar Luka a wayarsa cikin natsuwa. Hanyar da na ga ta fi amfani ita ce saƙo zuwa ga mutum ɗaya wanda ka sani, bayan ka nemi izininsa. Ka ce masa, “Yaya, akwai wata aya da ta taimake ni a irin halin da kake ciki, in turo maka?” Idan ya yarda, ka tura aya ɗaya ko saƙon murya wanda bai wuce minti biyu ba, da muryarka, a wuri marar hayaniya, ka kuma tuna cewa data kuɗi ce, bidiyon wa'azi na sa'a guda nauyi ne ga mai sayen data ta kwana ɗaya. Bayan kwana biyu ka tambaye shi abin da ya gani a ciki, ka bar shi ya yi magana.

Haɗarinta ma yana da girma, kuma wajibi ne a faɗe shi a fili. Duk abin da ka rubuta a Facebook ko ka faɗa a TikTok ko a zauren WhatsApp, ka ɗauka cewa kowa a gari zai gani, har da wanda zai yanke rabin maganar ya yaɗa. Kisan da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a watan Mayu na 2022 ya biyo bayan wani saƙon murya ne a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu. Babu abin da zai halatta wannan kisa, kuma ina ambatonsa ne da baƙin ciki, domin matasanmu su san cewa maganar waya tana fita daga waya. Zauren da aka buɗe domin aji ko ofis ko ƙungiyar 'yan kasuwa, a bar shi ga abin da aka buɗe shi dominsa. Kada ka shiga cacar baki a ƙarƙashin rubutun wani, domin a can mutane suna neman wanda zai yi nasara ne, masu zuga kuma sun fi masu neman gaskiya yawa. Kada ka tura hoton gawa ko labarin hari ko na al'ajibi wanda ba ka tabbatar da shi ba, haka kuma saƙonnin nan masu cewa wanda bai tura wa mutum goma ba zai ga masifa, domin wannan camfi ne, ba bishara ba ce. Wanda ya kama ka da yaɗa ƙarya sau ɗaya yana da hujjar shakkar ka idan ka ce masa Almasihu ya tashi daga matattu. Ka kuma duba shafinka gaba ɗaya da idon baƙo, ka ga ko ayar da ka sa da safe ta yi daidai da zagin ƙabila ko na 'yan siyasa da ka rubuta da yamma.

Matasan da suka bar ikkilisiya suna da nasu tambayoyin, kuma kuskure ne a amsa musu da faɗa. Wani zai ce ya gaji da masu wa'azin da ba su da zance sai na baiko da shuka iri, alhali shi ya gama karatu shekaru yana tuƙa keke Napep na wani. Kada ka kare abin da ba shi da kariya. Ka yarda cewa akwai masu cinikin bishara, ka nuna masa cewa Littafi Mai Tsarki da kansa ya yi gargaɗi a kansu, sa'an nan ka mai da hankalinsa ga Yesu, wanda ya kori masu ciniki daga Haikali. Wani zai ce ya gani a intanet cewa Kiristanci addinin Turawan mulkin mallaka ne. Ka tuna masa da mutumin Habasha da Filibus ya yi wa baftisma a Ayyukan Manzanni sura 8, da cewa masarautar Habasha ta karɓi Kiristanci tun ƙarni na huɗu, da cewa manyan malaman ikkilisiyar farko irin su Atanasiyus na Iskandariya a Masar da Agustin na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, 'yan Afirka ne. Wani kuma ba shi da gardama ko ɗaya, kunya ce ta hana shi dawowa, saboda ƙwaya ko cacar ƙwallo ta waya ko cikin da aka yi ba aure. Irin wannan yana bukatar wanda zai zauna da shi a teburin mai shayi, ya karanta masa Luka sura 15 a hankali, ya kuma raka shi majami'a ya zauna kusa da shi ranar da ya yarda ya koma. A jami'ar jiha da ta tarayya da ke Kashere da sauran manyan makarantu akwai zumuntar ɗalibai irin su FCS da NIFES, yana da kyau ka haɗa ɗalibi da wani da ka sani a cikinsu.

Taimako kuwa a yi shi domin Allah. Idan ikkilisiya tana raba hatsi ko tana biyan kuɗin makarantar marayu, kada a sa sharaɗin zuwa sujada, kada kuma a yi wa kowa alkawarin aiki ko aure ko warkarwa in ya karɓi Almasihu. Yesu bai yi wa kowa irin wannan alkawari ba.

Idan Allah ya sa wani ya ce yana so ya ƙara sani, kada ka gaggauta sa shi ya maimaita addu'a domin ka sami abin faɗa a taron shaida. Ku sa rana ɗaya a mako ku riƙa karanta Bisharar Markus ko ta Luka tare, sura ɗaya a zama ɗaya, kana tambayarsa abin da nassin ya nuna game da Yesu da abin da yake bukata daga gare mu. Ka gaya masa gaskiya game da abin da bin Almasihu zai iya jawo masa, kamar yadda Ubangiji ya ce a Luka sura 14 cewa mai gina hasumiya yakan fara zama ya yi lissafi. Ga wanda ya fito daga gidan da ba na masu bi ba, wannan lissafi yana iya haɗawa da fushin iyaye, da rasa gādo ko aure ko wurin kwana, wani lokaci har da barazana ga rai. Saboda haka sirrinsa amana ce a wuyanka. Kada ka ɗauki hotonsa, kada ka ambaci sunansa a taron addu'a ko a zauren zumunta, shi ne zai zaɓi lokacin da zai bayyana da wanda zai fara gaya wa. Ka ƙarfafa shi ya ci gaba da girmama iyayensa da yi musu hidima fiye da dā. Da izininsa, ka kai shi wurin fasto ko dattijo ɗaya mai riƙon amana wanda ya saba da irin wannan hali, domin a shirya shi a ajin baftisma ba tare da gaggawa ba, a kuma yi tunanin inda zai zauna da abin da zai ci idan gida ya ƙi shi. Wannan nauyi ya fi ƙarfin mutum ɗaya, shi ya sa ya kamata dattawan kowace ikkilisiya su tattauna shi tun kafin bukatar ta taso.

Idan kuwa abokinka ya ce ya ji amma ba ya so, ko ya roƙe ka ka daina yi masa wannan zance, ka amsa masa da cewa ka ji, ka kuma daina. Ka ci gaba da gaishe shi, da sayayya a shagonsa, da zuwa sunan 'ya'yansa, sunansa kuma ya zauna a takardar addu'arka. Idan wata rana shi da kansa ya sāke ɗauko zancen, sai ku ci gaba daga inda kuka tsaya.